Rumfar abinci ta unguwarmu a Singafo: mee rebus sai godiya, nasi padang kuwa a yi hattara

Duk wanda ya zauna a Singafo ko da na wata guda ne ya san cewa mai ƙaramin ƙarfi a hoka senta yake cika cikinsa, rumfar nan mai faɗi inda masu abinci ke jere shago-shago, tebura a tsakiya, fankoki na kaɗawa a sama. Tamu tana gabashin birnin, wajen Bedok, a tsakiyar gidajen HDB, wato benayen da gwamnati ke gina wa jama'a, da kasuwar kayan miya a jikinta. Ba irin su Maxwell ko Lau Pa Sat ba ce da baƙi ke cikawa da ɗaukar hoto tun da UNESCO ta sa al'adar cikin jerin kayan gadonta a watan Disambar 2020. Nan tsofaffin unguwa ne, da direbobin bas, da iyaye masu dawowa daga kai yara makaranta. Shagunan da Musulmi zai ci hankalinsa kwance suna layi ɗaya ta ɓangaren kasuwar, kuma a kansu kaɗai zan yi magana.

Mee rebus ɗin shago na biyu daga ƙarshen layin, shi ne dalilin da ya sa har yanzu nake tura mutane wurin. Dala 3.50 ta Singafo, kwano cike. Taliya ce rawaya mai kauri, an kwarara mata miya ruwan ƙasa wadda kaurinta ya fito daga dankalin Hausa da aka dafa aka niƙa, da busasshen jatan lande, da waken suya mai gishiri, da kayan kori. A sama dafaffen ƙwai guda, tsiron wake, 'yan gutsattsarin soyayyar awara, koren barkono yanka-yanka, soyayyar albasa, da rabin ɗan ƙaramin lemun tsami. Wurare da yawa yanzu sun koma ɗaure miyar da garin sitaci su zabga sukari, sai ka ga tana ƙyalli tana jan zare a cokali, zaƙi ya rufe komai. Wannan ba haka take ba. Idan ka ɗebo za ka ga ɗan gari-garin dankalin a bayan cokali, kuma ɗanɗanon jatan landen yana nan daram a ƙarƙashin zaƙin. Abu na biyu da dattijuwar mai shagon ke yi daidai shi ne wanke taliyar a tafasasshen ruwa. Irin wannan taliyar tana da warin kanwa-kanwa, idan ba a tsoma ta sosai an girgiza rariyar ba sai warin ya bi ta har cikin kwano, idan kuma ta daɗe a ruwan sai ta yi lugub. Ita takan tsoma kamar rabin minti, ta ɗaga, ta girgiza sau biyu, ta juye. A matse lemun gaba ɗaya, a juya tun daga ƙasa, a ci nan take. Minti goma idan ta yi a ajiye, miyar ta daskare, taliyar ta kumbura, daɗin ya tafi. Mai son tafiya da ita gida ya ce a ƙulla masa miyar daban, ya kuma san robar akwai senti 30 a kanta.

Da a ce a nan na tsaya, da tauraro biyar zan bayar ban waiwaya ba. To amma akwai shagon nasi padang na tsakiyar layin, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Kowa ya san yadda tsarin yake: an jera trayoyin miya da nama da ganye a bayan gilashi, kana nunawa da yatsa, ana zuba maka a kan shinkafa, sai an gama a faɗa maka kuɗi. Babu allon farashi a shagon, ko na kwali. Abin da na nuna shi ne shinkafa, ganye kala ɗaya, begedil guda, wato ƙwallon dankalin Turawa da ake tsomawa a ƙwai a soya, sai sotong, wannan naman ruwan mai santsi da ake yankawa zobe-zobe a dafa cikin barkono. Daga nan na ce wa matar, "Makcik, ɗan zuba mini romon rendang a kan shinkafar." Makcik kamar a ce inna ne da yaren Malay, rendang kuwa nama ne da aka dafa cikin madarar kwakwa da kayan yaji har ya tsotse. Romo kawai na nema, wanda a yawancin shaguna kyauta ake yayyafa shi. Ludayin ya taho da 'yan tsokoki biyu, kowace ba ta kai kan babban yatsa ba. Da aka zo lissafi sai na ji dala 11.20. Na ce a warware mini. Shinkafa dala 1, ganye 1.20, begedil 1, sotong 4.50, rendang 3.50. Wato 'yan gutsattsarin nan biyu an lissafa su cikakken kason nama. Na nuna mata farantin, ta ce nama nama ne, ga mutum shida a bayana kowa riƙe da tire yana kallon agogo. A irin wannan wurin ba ka da ta cewa, an riga an zuba a kan shinkafarka, ba a mayarwa.

Ba tsadar sotong ce ta ba ni haushi ba, wannan sananne ne, shi da kifi da jatan lande su ne masu harba lissafi sama a kowane shagon nasi padang, farashinsu kuma yana bin kasuwar ranar. Abin haushin shi ne zobe huɗu kacal a dala 4.50, kuma sun yi tauri kamar roba saboda tun safe suke zaune a kan wuta. Sotong ko dai a dafa shi na 'yan mintuna a sauke, ko a bar shi ya daɗe yana nuna a hankali cikin miya har ya yi laushi. Wanda aka dafa sama-sama aka bar shi awa huɗu a tiren ɗumi ya faɗa tsakiya, ba ya taunuwa. Rendang ɗin ma ya bushe ta gefe, man kwakwar ya rabu ya taru a kusurwar tire. Kuɗin farantin nan ɗaya zai sayi mee rebus uku har da canji.

Saboda haka mai shiga layin nasi padang, a nan ko a wani wuri, ya yi lissafinsa tun kafin ya ɗaga yatsa. Nama ɗaya da ganye biyu shi ne ma'aunin da yawanci ba ya wuce dala 5 zuwa 6. Kaza ta fi arha a kan naman sa, naman sa ya fi arha a kan kayan ruwa. Kafin a zuba kifi ko sotong a tambayi kuɗinsa, ba abin kunya ba ne, 'yan ƙasar ma suna yi. A kula da ganyen da aka haɗa shi da wani abu, kamar wake da tempe, wato curin tsimammen waken suya, mai gutsattsarin hanta ko huhu a ciki, domin wasu shagunan a layin nama suke sa shi. Idan romo ake so, a nemi na miyar kwakwa ta ganye ko na korin kaza, a kuma ce romo zalla tun kafin ludayi ya shiga. Sannan a je tsakanin sha ɗaya da sha biyu da rabi, lokacin da trayoyin suke fitowa daga wuta. Bayan ƙarfe biyu ragowa ce, amma kuɗin bai ragu ba.

Nasi lemak na shagon farko, wato shinkafar kwakwa da ake haɗawa da ƙananan busassun kifi da gyaɗa da miyar barkono da suke kira sambal, ya ɗan wanke mini zuciya, amma da sharaɗi: na safe ne. Dala 3.50 da fiffiken kaza, dala 3 idan ƙwai kawai. Shinkafar an turara ta da madarar kwakwa da ganyen pandan, ƙwara-ƙwara, ba ta caɓe ba, ƙamshin yana riga farantin isowa tebur. Ƙananan busassun kifin da gyaɗar suna ƙaras-ƙaras saboda a gwangwani mai murfi yake ajiye su, sai an zo zubawa yake buɗewa. Sambal ɗinsa ya soyu har mai ya taso ya yi ja mai duhu, da ɗan tsamin tsamiya, da belacan daidai misali. Belacan manna ce ta jatan lande da aka bari ya ruɓa, aikinta a girkinsu kamar na daddawa ne a miyar kuka: ɗanyenta ba ya shaƙuwa, amma in babu ita miyar ta zama salam. Bakin da ya saba da attaruhu zai ji sambal ɗin nasi lemak ya yi zaƙi da yawa, haka ake yin sa, ba kuskure ba ne. A karɓi ƙarin cokali ɗaya, ba ya cajin na farko. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne ƙunshin da aka riga aka naɗe aka tara a gaban shagon. Tururin shinkafar yana jiƙa kifin ya yi laushi, fatar kazar ta saki, kuma shinkafar kwakwa ba ta jure zaman zafi, da rana ta yi sai ta fara canza ƙamshi.

Shagon prata, wato soyayyar gurasa mai shara-shara, na Indiyawa Musulmi yana da kyau idan ka dage. Da safe sukan soya da yawa su tara a gefe, wanda aka ɗauko daga tarin nan jansa kake yi da haƙori. Ka ce sabo kake so, ka jira minti uku, ka ga ya buga ƙullin ya shimfiɗa shi har ya yi shara-shara, ya naɗe, ya soya, ya tafa shi tsakanin hannuwa. Biyu marasa haɗi da ɗan kwanon kori ba su kai dala 3 ba. Korin kifin ya fi na wake armashi. Teh tarik kuma, wato shayinsu mai madara, wanda bai ce "kurang manis" ba, wato a rage zaƙi, zai sha madarar gwangwani ne da ɗan shayi a ciki. Mee soto, taliya cikin romon kaza, babu yabo babu fallasa, romon kazar yana da kurkur da citta amma ya yi ruwa, an ga alamar ana ƙara masa ruwa idan tukunya ta yi ƙasa. Shinkafa da kaza ta shagon ƙarshe ma haka, ta ƙoshi ce kawai.

Maganar halal, 'yan'uwa, a buɗe ido. Takardar MUIS, majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, ita ce shaida, kuma a manne take a gaban shago inda kowa zai gani. Akwai shagunan Musulmi da yawa, musamman na dattawan Malay, da ba su da takardar amma sun rubuta cewa na Musulmi ne, jama'a kuma suna ci. Wanda ya rubuta cewa ba ya sa alade ko kitsensa kawai, wannan ba shaidar halal ba ce, bai gaya maka yadda aka yanka kazar ba, bai kuma gaya maka ko akwai giyar girki a miyar ba. A layin namu shago huɗu ne masu takarda. Abin dariyar, mai nasi padang ɗin nan tana cikinsu, takarda a manne tsaf cikin firam, amma ɗan kwalin da za a rubuta kuɗin sotong ya gagara. Ni abin da ke damuna ke nan. Kusan duk masu hoka ba sa ɗora harajin sayen kaya na GST ko kuɗin hidima irin na gidajen abinci, abin da ke kan allo shi za ka biya, wannan ne ma ya sa talaka ke sakin jiki a wurin. Shago ɗaya da ya bar farashi a bakin mai ludayi ya isa ya sa baƙo ya ɗauka duk haka suke. Kuma 'yan ƙasa suna da takardun rangwamen CDC da gwamnati ke raba wa gidaje suna rage zafi da su, ɗalibi ko ɗan kasuwa baƙo daga aljihunsa komai ke fita. Da wannan na sauko zuwa tauraro uku, ukun ma na dattijuwa mai mee rebus ne da mai nasi lemak.

Wurin zama da rana sai an yi da gaske. Idan ka ga ƙunshin tishu ko lema ko katin aiki a kan tebur, an kama wurin, kada ka matsar ka zauna. Kai ma ka ajiye naka kafin ka shiga layi, ba wanda zai taɓa. Zama tebur ɗaya da wanda ba ka sani ba ba komai ba ne, ka yi masa alama da kai ka ja kujera, sai dai kujerun a kafe suke da ƙasa. Teburan da ke bakin titi sun fi iska, na tsakiya kusa da masu suya hayaƙi zai kama maka riga. Idan ka gama ka kwashe tirenka da kanka: tun 1 ga Satumbar 2021 hukumar kula da muhalli ta ƙasar, NEA, ke hukunta wanda bai kwashe ba, karon farko gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dala 300. Wurin ajiye tiren kashi biyu ne, na halal daban, na sauran daban, a duba rubutun kafin a ajiye domin masu shara suna shan wahalar rabawa.

Yawancin shagunan suna da lambar SGQR ta biya da waya, amma mai mee rebus tsabar kuɗi take so, kuma takardar dala 50 da sassafe ba ta da canjinta. Miyarta takan ƙare kafin ƙarfe ɗaya, ranar Litinin ba ta fitowa. Ranar Juma'a shagon prata yana sauke ƙofa lokacin salla. Da azumi wasu daga cikin shagunan Malay sukan koma buɗewa da yamma, wasu su rufe har bayan salla, sannan duk bayan 'yan watanni ana rufe rumfar gaba ɗaya kwana ɗaya ko biyu don wanke ta, sanarwar tana manne a ginshiƙin bakin shiga tun mako guda kafin ranar.