Alƙalami ko Murya: Koyar da Nazarin Halayen Tauraro a Waƙa

Malamin da ke koyar da ɗalibai a unguwar Aboabo ko ta Zango a birnin Kumasi na ƙasar Ghana yadda mawaƙi ke zana mutum cikin baitoci yana da hanyoyi biyu. Misalinmu shi ne Waƙar Talauci da Wadata ta Alhaji Umaru, malami kuma mawaƙin Hausa, wanda ya rasu a garin Kete-Krachi na Ghana a 1934.

Hanya ta farko ta alƙalami ce: a raba wa ɗalibai baitocin, su ja layi ƙarƙashin kowace siffa da aka ba matalauci, su ware abin da mawaƙi ya faɗa da bakinsa daga abin da jama'a ke yi masa. Tana koyar da kafa hujja da baiti, kuma jarrabawa haka take so. Sai dai yaran da Hausarsu ta baki ce, karatunsu kuwa da Turanci, sukan ƙare lokacin darasi suna kokawa da ƙ da ɗ.

Hanya ta biyu rerawa ce. Malam ya rera, ɗalibi ɗaya ya tsaya a matsayin matalauci, wani a matsayin mai dukiya, sauran su zama jama'ar gari. Idan matalaucin ya buɗe baki aka kau da kai, ajin yakan gane cewa da wulaƙancin mutane mawaƙi ya siffanta shi, ba da tsummansa kaɗai ba. Illarta ita ce dariya takan rinjayi nazari, musamman a aji mai cunkoso.

A ganina, a Kumasi gara a fara da rerawa, sannan kowane ɗalibi ya rubuta baiti biyu da suka tabbatar da halin da ya gani.