Tayoyi ko ƙarin ƙarfin inji: inda ya kamata kuɗin ya fara zuwa

Malam, ka tambaye ni abin da zai fi rage wa motarka lokacin zagaye a filin tsere. Tunda kuɗin da ke hannunka abu ɗaya zai iya yi, ko tayoyi ko taɓa inji, shawarata ita ce ka sayi tayoyi, domin na gwada duka biyun da aljihuna.

Na fara da injin ne. Na biya wani bakanike ya canza mini salansa ya kuma taɓa kwamfutar injin, motar ta ƙara ƙara har maƙwabtana a Tudun Wada suka san lokacin fitata, amma agogon auna lokacin zagaye bai nuna wani bambancin kirki ba.

Tayoyin kuwa, ranar da na fara zagaye da Yokohama Advan A052, irin masu lambar ci 200 a gefe (ma'aunin jurewar taya ga cinyewa) waɗanda masu gasar tseren mota da ake auna lokaci da agogo a Amurka suke yawan amfani da su, na ji kamar an canza mini mota. A kwanar da na saba jin gaban motar yana zamewa waje ina ta kokawa da sitiyari, sai ta bi inda na nuna mata, na sami damar jinkirta birki kaɗan, kuma na taka totur tun kafin in gama fita. Dalilin a fili yake: ƙarfin inji a miƙaƙƙen wuri ya fi amfani, taya kuwa da ita ake birki, da ita ake shan kwana, da ita ake fita. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ɗan gudun da ka ƙara a bakin fita yana bin ka har kwana ta gaba. Shi ya sa ake shiga kwana da haƙuri, a matso gefen ciki a makare, a fita da ƙarfi.

Sai dai irin wannan taya tana saurin cinyewa, kuma tana son kulawa. Ka auna iskarta da zarar ka sauko tana da zafi, domin iska tana hawa idan taya ta ɗumama, musamman a zafin Maris da Afrilu na Zariya. Da sanyin safiyar hunturu kuma, zagayen farko na ɗumama ta ne. Idan canji ya rage, ka zuba sabon man birki DOT 4, wanda ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, alhali DOT 3 yana iya tafasa daga 205.

Ka yi hattara da masu sayar da tayoyin Beljiyam a matsayin sababbi, suna shafa musu baƙin mai su yi sheƙi. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan ka ga an kankare wurin ko lambobin tayoyin huɗu sun yi nisa da juna, ka bar masa kayansa, domin tsohuwar roba ta riga ta bushe ko da zanenta yana nan. Gwajin kuma ka yi shi a rufaffen fili da hular kwano, kada ka kai shi titin Zariya zuwa Kaduna.