Soyayyar Indiyawan Amurka da ta Indiyawan Ingila: ina suka rabu?

'Yar uwa, kin tambaya ko littattafan soyayyar Indiyawa mazauna waje duk tafiyarsu ɗaya ce, iyaye su zaɓo miji zuciyar yarinya kuwa tana wani wajen, sannan wanne za ki fara karantawa tsakanin na Amurka da na Ingila. Tushen labarin ɗaya ne, amma sun rabu sosai, kuma abin da ya raba su shi ne irin mutanen da suka je kowace ƙasa.

Amurka ba ta buɗe wa Indiyawa ƙofa sosai ba sai da ta sauya dokar shige da fice a 1965, kuma yawancin waɗanda suka fara shiga masu dogon karatu ne: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. A 1990 aka fito da bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, masu aikin kwamfuta suka biyo baya. Shi ya sa tauraruwar labarin Amurka takan zama lauya ko likita, ta doshi shekara talatin, tana da gidanta da motarta. Damuwarta uwa ce da ke turo mata takardun samari: hoto, tsawo, aiki, yare, garin iyaye. Za su haɗu su sha shayi, in bai yi mata ba ta ce a'a. Wannan auren haɗi ne, ba auren dole ba. Sau da yawa ma yarinyar kan ɗauko saurayin ƙarya don a ƙyale ta, wasa wasa sai abin ya zama gaske. Akwai raha, akwai biki na kwanaki da lalle da ango a kan doki. Ni abin da ke gundura ta shi ne kowa a ciki mai hali ne, matsalar ba ta cika wuce fushin mama ba.

Amma akwai wani reshe da nake so ki nema, labarin amaryar da aka ɗauko daga Indiya a kan bizar H-4, wadda ake ba iyalan masu H-1B. Kafin 2015 mai wannan biza ba ta da izinin aiki ko kaɗan, ko da digirinta ya kai na mijin. Ga ta a ƙasar sanyi, ba dangi, zamanta ya rataya a kan takardun mutumin da ta gani sau biyu ko uku kafin ɗaurin aure. Idan marubuciya ta iya nuna yadda so ke tsirowa a hankali tsakanin waɗannan biyun, littafin yakan daɗe a zuciya.

Ingila kuwa tarihinta daban ne. Bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947, manoma daga yankin Punjab suka riƙa zuwa aikin masana'antu, da yawa suka zauna a Southall a yammacin Landan. A 1972 Idi Amin ya ba 'yan Asiya kwana 90 su bar Uganda, iyalai masu yawa 'yan asalin jihar Gujarat ta Indiya suka sauka a birnin Leicester. Unguwa ɗaya, wurin ibada ɗaya, mai shago ya san kakarki. Don haka a labarin Ingila ba da uwa kaɗai yarinya ke fama ba, da unguwa take fama. In an gan ta da yaro a tashar bas, kafin ta iso gida gwaggo ta ji. "Mutane za su ce me?" ita ce tambayar da ke juya komai. A nan za ki tarar da 'yar addinin Sikh da ta so Musulmi, da gidan da ya ƙi yaro saboda asalin zuriyarsa, da nauyin dukiyar da iyayen amarya ke kai wa gidan ango, al'adar da Indiya ta haramta tun 1961 amma ba ta mutu ba. Hukuma ma tana cikin labarin. Har zuwa 1997, mai auro wani daga waje sai ya gamsar da jami'ai cewa ba don shiga ƙasa aka ƙulla auren ba, sannan a 2014 auren dole ya zama laifi a Ingila.

In hutu kike nema bayan aiki, fara da na Amurka. Ni dai na Ingila sun fi taɓa ni, domin yarinyar tana son iyayenta da gaske, kuma ta san zaɓinta zai shafi auren ƙannenta. Duk wadda ta tashi da littattafan soyayya na Kano za ta gane wannan nauyin nan take. Abu ɗaya ne ba za ki samu ba, wato kishiya. Dokar auren Indiya ta 1955 ta hana Hindu da Sikh ƙara mace, haka ma dokokin Amurka da Ingila. Uwar miji ce ke riƙe da wannan gurbin, kuma a gidajen da amarya ke tarewa tare da surukai, rikicinta kaɗai ya isa ya cika littafi.