GARGAƊI: Mai cewa shi ɗan Zazzau ne a Italiya ya cinye mana N1,088,000 da sunan kai mu Fomfei

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau na ce ko za a yi mini dariya daga Samaru har Ƙofar Gayan sai na faɗa. Naira miliyan ɗaya da dubu 88. N1,088,000. Abin da wani yaro da ban taɓa haɗa ido da shi ba ya karɓe daga hannuna ke nan, kuma mafi yawan kuɗin ba nawa ba ne, na mutanen da suka amince da ni ne.

Kafin wani ya fara cewa ashe masu digiri ma ana yi musu, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Ni ba yaro ba ne. Ba yau na fara fita waje ba. Saƙon "ka ci kyauta, turo lambar katinka" ban san adadin da na goge ba, har ni ke yi wa mutanen gida faɗa a kai.

Taron aikin gona ne ya kai mu birnin Rum, mu huɗu daga Zariya: ni, da wani Farfesa da ya koyar da ni, da wata Hajiya abokiyar aikinmu, da wani ƙaramin malami da wannan ce fitarsa ta farko. Taro zai ƙare Juma'a, jirginmu sai Litinin da dare. Ni fannin ƙasar noma na karanta. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai ina gaya musu ƙasar da dutse mai aman wuta ya zubar ta fi kowace albarka, ina ba su misali da tumatir da inabin da ake nomawa a gindin dutsen Besubiyo na Italiya, alhali ban taɓa ɗibar wannan ƙasa a tafin hannuna ba. Shi ya sa na ƙwallafa rai. Ni na kawo maganar mu je mu ga dutsen da Fomfei, tsohon garin da ya binne kusa da birnin Nafoli, ni na zuga sauran. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Lambar yaron da zai kai mu wani ɗan unguwarmu ne ya turo mini, shi ma a wani zauren WhatsApp na matafiya ya gani. Na yi masa sallama a rubuce, sai ya maido da saƙon murya. Wallahi wannan saƙon muryar ne ya kashe ni. Na saurare shi ya fi sau hamsin tun da na dawo, jiya ma da dare sai da na sake kunnawa. Ya ce: "Ranka ya daɗe Malam, ai kun zo gida. Motana sabo ne, mutum takwas yake ɗauka." Motana sabo ne! Duk Bazazzagi ya san wannan harshe. Bakano ba zai faɗi haka ba, Basakkwace ba zai faɗi haka ba. Ina jin haka na yi murmushi ni kaɗai a ofis, na ce wannan namu ne. Ya ce a Tudun Wada aka haife shi, shekararsa tara a Nafoli, ya tambaye ni ko har yanzu ana cunkoso a Kwangila, ya ce abin da ya fi kewa shi ne hawan Sallah a ƙofar Fada. Ya ce shi ba zai ci riba da malamansa ba, albarka yake nema. Albarka! Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan.

Kuma ba haka kawai na yarda ba, na gwada shi. Na ce ya ba ni labarin wurin. Ya ce a shekara ta 79 Miladiyya dutsen ya yi aman da ya binne garuruwan Fomfei da Harkulaniyum, toka da tsakuwa suka rufe Fomfei da zurfin mita 4 zuwa 6, aka manta da shi sai 1748 aka fara tono. Ya ce wani saurayi ɗan shekara 17, Filini Ƙarami, ya ga abin daga tsallaken teku ya rubuta a wasiƙa cewa hayaƙin ya tashi kamar wata doguwar bishiya mai buɗaɗɗen kai, kuma kawunsa ya tafi ceto da jiragen ruwa bai dawo ba. Ya ce rabon dutsen da aman wuta tun 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Na bincika ɗaya bayan ɗaya, duk gaskiya ne. To ku gaya mini, mutum ya yi maka Zazzaganci, ya kawo maka tarihi daidai ba tuntuɓe, me ya rage? Sai yanzu na gane ba abin da ya faɗa da ba za ka samu a intanet cikin minti biyar ba.

Lissafinsa Yuro 140 kowane mutum: mota daga tashar jirgin ƙasa ta Nafoli, tikitin shiga Fomfei, tikitin hawa bakin ramin dutsen, ɗan jagora mai Turanci, da abincin rana na halal. Ya ce kada mu wahalar da kanmu da canji, mu biya da naira a kan 1,700, yana da asusu a gida da yake tura wa mahaifiyarsa kuɗi ta ciki. N238,000 kowa. Mu huɗu N952,000. Na ga sunan da ke kan asusun na mace ne, na tambaya, ya ce ƙanwarsa ce. Na tsaya. Wallahi na tsaya, yatsana a kan waya, sai da na yi kusan minti biyu. Sai na tuna "motana sabo ne" na danna. N952,000, tun muna Zariya, tun ba mu hau jirgi ba.

Af, na manta, kafin wannan ma ya turo hoton wata farar mota da hoton wani kati mai igiya da ya ce shi ne lasisinsa na jagora, babban yatsa ya rufe rabin sunan. Duk ina da su. Zan sa sikirinshot ɗin hirarmu gaba ɗaya, da rasit ɗin banki guda biyu, da tikitin bogin, ina rufe sunayen abokan tafiyata ne kawai.

Guda biyu na ce, ko? To na biyun shi ne wanda ke hana ni barci.

Ranar Lahadi muka yi asubanci, muka hau jirgin ƙasa mai gudu daga Rum, awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga mu a Nafoli. Wannan kuɗin jirgin ma daga aljihunmu, ba ya cikin lissafi. Alkawari ƙarfe 8:30 a dandalin Garibaldi, gaban tasha. Muka tsaya. Farfesa da ciwon gwiwa, ya jingina da wani ƙarfe yana jan carbi. Duk farar motar da ta wuce sai ƙaramin malamin nan ya ɗaga hannu. Ƙarfe 9:15 yaron ya kira, murya na rawa, wai 'yan sanda sun tare shi sun ce sai ya biya tarar Yuro 80 nan take ko su tafi da motar, katinsa kuma ya ƙi aiki, "don Allah Malam ka rufa mini asiri, ina zuwa zan ba ka a hannu." Na matsa gefe don kada Farfesa ya ji. Ku lura, na matsa gefe. Ashe zuciyata ta riga ta sani. Na tura N136,000 cikin asusun nan dai na ƙanwar. Ya ce "Allah ya saka da alheri, minti goma." Ƙarfe 10 na kira, tana shiga ba a ɗauka. 10:40 hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Ya toshe ni. N952,000 da N136,000. Ku haɗa da kanku.

Hajiya ce ta fara magana. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Malam, anya yaron nan naka zai zo?" Yaron nan naka. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Farfesa ya ce tunda mun zo ba za mu koma haka ba. Muka tambaya, aka nuna mana ƙasan tashar, inda ake hawa wani tsohon jirgi da ake kira Circumvesuviana mai zuwa Sorrento. Kuɗinsa bai kai Yuro 5 ba. Wajen minti 40 muka sauka a tashar da aka rubuta Pompei Scavi, ƙofar shiga ga ta nan ko jifa ba ta kai ba. Abin da aka ce sai da mota ta musamman ke nan. Ni kuma har lokacin ina cewa a raina ai ko ba komai muna da tikiti. Na miƙa wa matar da ke ƙofa wayata da ƙarfin gwiwa. Ta duba, ta ƙara girman hoton, ta nuna mini kwanan wata: na bara ne, an goge suna an rubuta nawa. Sannan ta ce ai yau Lahadin farkon wata ce, shiga kyauta ne, mu je can mu bi layi mu karɓi takarda. Kyauta! Duk Lahadin farkon wata gwamnatin Italiya ba ta karɓar kuɗin shiga irin waɗannan wurare nata. Kuma shi ya zaɓar mana ranar. Na so Asabar, ya ce a'a Malam, Lahadi ta fi, ba cunkoso. Layin da muka tarar kuwa sai ka ce tashar Kwangila ana gobe Sallah.

Mun shiga. Ba zan ce ban ga abin mamaki ba, ko da yake rabin hankalina na kan waya ina sake kiran lambar da na san ba za ta shiga ba. Titunan dutse ne, ga sawun ƙafar keken doki ya ci dutsen ya yi kwari, ga manyan duwatsu an jera a tsakiyar titi don mai tsallakawa kada ya taka ƙazanta. Ga gidan burodi da murhunsa da dutsen niƙa. Ga shagunan sayar da abinci da ramukan tuluna a jikin kanta, Hajiya ta ce wannan ai masu tuwo-tuwo ne. A wata ƙofar gida an zana kare da ƙananan duwatsu an rubuta a yi hattara da kare. Na daɗe a tsaye a wurin, ban san me ya sa ba, ko kuma na sani.

Sai mutanen. Gawarwakin sun ruɓe a cikin toka sun bar gurbinsu, a 1863 wani mai suna Fiorelli ya fara zuba farar ƙasa a cikin guraben, sai siffar mutum ta fito yadda mutuwa ta same shi. A wani lambu su 13 ne a kwance, har da yara, wani ya dogara da gwiwar hannu yana ƙoƙarin tashi. Farfesa ya cire hularsa ya mayar, ya ce "Inna lillahi." Ya juyo ya ce mini, "Kai kana kukan kuɗi." Na yi shiru. Amma gaskiya ko a gaban gawarwakin nan N1,088,000 nake lissafawa, ba zan yi muku ƙarya ba.

Dutsen kuwa ba mu hau ba, kuma shi ne abin da ya kawo ni. Mun biya motar haya ta kai mu har inda mota ke tsayawa, wajen mita 1,000, daga nan sai da ƙafa zuwa bakin ramin, dutsen gaba ɗaya bai kai mita 1,300 ba. Na sake miƙa tikitinsa, don taurin kai. Na'ura ta ƙi karɓa. A can ba a sayar da tikiti a hannu, sai ta intanet, kuma da lokacin da aka ba ka za ka shiga. Wayata ba sabis, da ya zo kuma na ranar sun ƙare. Ina tsaye ina kallon tsofaffin Turawa da sanduna suna wucewa. Na durƙusa na taɓa baƙar ƙasar gefen hanya, na murza ta a yatsa, shi ke nan abin da na samu. Ƙaramin malamin ya ce zai ɗauke ni hoto, na ce idan ya kuskura.

Abincin halal ɗin ma, biskit muka ci da ruwa.

Na koma baya kaɗan: tun ranar Alhamis a Rum na ce ya zo otal mu gaisa, ko mu yi kiran bidiyo, ya ce yana Sorrento da wasu Alhazan Kano, kyamararsa kuma ta fashe. Na yarda. Me zai hana in yarda, mutumin da ya turo mini saƙon barka da sauka tun jirginmu bai gama tsayawa ba, yana tambayar ya gwiwar Baba? Ni na gaya masa maganar gwiwar, da bakina, don ya samo motar da ba ta da tsawo.

Da muka dawo na je banki, aka ce kuɗin bai kwana a asusun ba, an rarraba shi. Na kai ƙara, an ba ni takarda, ina bi. Ɗan unguwar da ya turo lambar ya zo har gida yana rantsuwa shi gani kawai ya yi ya tura, na kuma yarda da shi. Na sayar da buhunan masarar da na ajiye na mayar wa Hajiya da ƙaramin malamin N238,000 kowa. Farfesa ya ƙi karɓa, ya ce in bar shi kuɗin makaranta ne, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Uwargida kuwa ta ce ga Kufena nan a bayan gari shekara nawa ban taɓa hawa ba, sai na Italiya. Ban ba ta amsa ba.

Kada ku tura wa kowa kuɗin yawon buɗe ido a asusun mutum, ku sayi tikiti da kanku a shafin hukumar wurin, ku hau jirgin ƙasa. In ya ƙi kiran bidiyo ku rabu da shi.

Kuma kai, na san kana karantawa, don an ce mini har jiya tallarka na yawo a zauren, ka canza lamba amma farar motar ita ce dai. Ko a Nafoli kake ko a nan Tudun Wada kake zaune a shagon caji, ban yafe ba. N1,088,000. Duk wanda aka turo wa saƙon murya mai "motana sabo ne" ya yi mini magana ta akwati, ina tara su. Sikirinshot na nan tafe bayan Isha'i in an kawo wuta.