Wuyan Jitar Bes: Mai Sheƙi ko Marar Sheƙi?

Mai sayen jitar bes, wato jita mai kaurin amo, yakan tsaya kallon launin jikinta, ya manta da bayan wuyan, alhali nan ne babban yatsansa zai wuni yana kai da komo. Ga bes da tsawo. Tun da kamfanin Fender ya fitar da bes ɗinsa mai suna Precision Bass a 1951, inci 34 ya zama ma'aunin tsirkiyarta, don haka hannu yana cin tafiya mai nisa a kanta.

Wuya mai sheƙi, irin na bes ɗin Rickenbacker 4003, an lulluɓe shi da shafi ne aka goge har yana ɗaukar ido. Yana kare itacen daga danshi, kuma ƙyalle kaɗai ya isa a tsabtace shi. Gumi ne abokin gabarsa. Da zarar tafin hannu ya jiƙe, sai yatsa ya riƙa cijewa yana tirjiya, daidai lokacin da kake son zamewa zuwa ƙasan wuya. Mai busasshen hannu ba zai ma san ana yi ba, wasu har sun fi son wannan riƙon. Idan shafin nitiro ne, wato wani shafin katako irin na da, a kula da robar abin jingine jita, tana iya cin sa.

Marar sheƙi, wanda ake kira satin, shi ma shafi ne, sai dai fuskarsa tana da 'yar gargadar da ido ba ya gani, shi ya sa fata ba ta mannewa. Sai dai hannunka da kansa yana goge shi, a kwana a tashi inda ka fi riƙewa ya koma yana ƙyalli.

Akwai na uku: irin na bes ɗin Music Man StingRay, wadda galibi mai da kaki kawai ake shafa wa wuyanta. Kamar tsurar itace kake taɓawa, amma tana ɗaukar dauɗa, tana kuma son a riƙa sabunta man.

Ni dai ba zan bar bes mai daɗin amo don sheƙin wuyanta ba, domin gyaran ba wuya. Soson Scotch-Brite mai launin toka, a goga a hankali bisa tsawon wuyan, ya kashe sheƙin. Masu amfani da soson ƙarfe mai lamba 0000 su fara rufe na'urorin ɗaukar sauti da tef, in ba haka ba maganaɗisunsu zai tsince ɓurɓushin. Mai niyyar sayar da ita nan gaba ya yi tunani tukuna, gogewar takan rage mata daraja.

Batun wai shafin wuya yana canza sauti kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Idan za ka gwada, kada ka tsaya a minti biyu. Kaɗa ta har hannunka ya yi ɗumi ya fara gumi.