ResearchGate ko LinkedIn: wanne ya fi amfani ga malamin jami'a a Marwa?

An kafa ResearchGate a 2008, shekarar da aka kafa Jami'ar Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma ResearchGate dandalin intanet ne na masu bincike zalla. Malamin da ke nazarin noman masakwa (dawar rani) zai ɗora maƙalarsa, ya ga mutum nawa suka karanta, su wa suka kafa hujja da ita. In ya ci karo da maƙalar da mujalla ta kulle sai an biya, sai ya roƙi marubucin ya turo masa. Ga mu da kuɗin mujallun Turai ya fi ƙarfinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce rajista: yawanci sai da imel na jami'a, alhali da yawanmu Gmail ko Yahoo muke riƙe da shi.

LinkedIn kuwa, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, kowa na shiga. A can ake samun ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da sanarwar gurbin ƙaro karatu a Faransa, amma tallan kai ya yi yawa, kuma ba kasafai ake tattauna bincike da zurfi ba.

Ni dai ɗalibin digirin digirgir nakan ce masa ya fara da ResearchGate. LinkedIn sai lokacin neman aiki ko tallafi.