Makirufon kai na Shure BLX14 a wasan ɗalibai mai waƙa da rawa

Ɗaliban Bauchi da ke karanta wasan kwaikwayo a Jos ko Zariya sun san inda gizo ke saƙa idan aka zo wasa mai haɗe da waƙa. Muddin magana ake yi, murya na kaiwa layin baya. Da zarar kalangu biyu da ganga sun shigo, sai ka ga bakin jaruma na motsi amma ba ka jin ko harafi. Makirufon hannu ba ya warware wannan, domin mai rawa na buƙatar hannuwansa biyu. Nan ne amfanin BLX14, makirufo marar waya na kamfanin Shure, yake, musamman nau'in da ke zuwa da makirufon kai PGA31.

Kayan uku ne: risiba (na'urar karɓar saƙon murya) da ake jonawa da miksa (na'urar haɗa sauti), ɗan akwatin tura saƙon da ake ɗaurawa a ƙugu, sai makirufon da ke zagaye ƙeya ya hau kunnuwa. Akwatin na cin batir AA guda 2. Kamfanin ya ce suna kai awa 14, kuma saƙon na tafiya kusan mita 90 idan babu abin da ya tare. Wannan lissafi na batirin alkalin ne mai kyau. Batirin tocila mai arha ba zai kai ka ko'ina ba, yana iya mutuwa ana tsakiyar amshi. A sa sababbi kafin kowane wasa, a bar tsofaffin don gwaji. Idan fitilar akwatin ta koma ja, lokaci ya kusa ƙurewa.

Sautinsa a waƙa yana da kyau ƙwarai. PGA31 ya fi ɗaukar abin da ke gabansa, don haka yana kama muryar mawaƙi ya rage kiɗan da ke gefe. Amma sai an saita shi daidai, kuma a nan yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Kan makirufon ya tsaya a gefen baki, tazarar yatsu biyu, ba a gaban leɓe ba, in ba haka ba duk "f" da "b" za su riƙa bugun lasifika. Akwai ɗan abin murɗawa a jikin akwatin da ke daidaita ƙarfin shigar murya. Kada a saita shi da "gwaji, ɗaya, biyu". A sa mawaƙin ya rera baitin da ya fi ɗaga murya a cikinsa, da makaɗa suna kiɗa, a riƙa ragewa har fitilar sauti ta risiba ta daina zama ja. Wanda ya tsallake wannan zai ji muryar na dagargajewa daidai wurin da wasan ya fi daɗi. A miksa kuma a yanke sauti mai kauri da ke ƙasa da wajen Hz 100 (ma'aunin kaurin sauti), saboda dirin ƙafa da numfashi.

Babban abokin gabarsa a nan shi ne gumi. A zafin Maris da Afrilu, ɗan rawa na jiƙa riga cikin minti goma, gumin ya bi waya ya sauka cikin mahaɗin akwatin, sai ƙaraf-ƙaraf ta fara. Maganin mai sauƙi ne: a sa akwatin cikin ƙaramar leda, a ɗinka masa aljihun yadi a jikin ɗamara, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga mahaɗi don ɗigon ya zuba a waje. A manne wayar a bayan wuya da filastar asibiti, a bar ɗan sako-sako yadda juya kai ba zai fizge ta ba. Eriyar akwatin kada ta naɗe, kada ta manne da fata. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce, sai a riƙa wanke soson bakin makirufon a shanya.

Akwai abubuwan da ba su gamsar ba. Jikin akwatin roba ne, ba ya son faɗuwa a kan siminti. Ba shi da madannin yin shiru daban, kunnawa da kashewa kawai, don haka dole mai miksa ya riƙe rubutun wasan ya rufe layin duk wanda ya fita daga dandamali. In ya manta, 'yan kallo za su ji jarumi na neman ruwa a bayan labule. Eriyar risiba a ciki take, shi ya sa ba a cusa ta ƙarƙashin tebur ko cikin akwatin ƙarfe. A ɗora ta sama inda take hangen dandamali. Sannan makirufon baƙi ne mai fitowa fili, yana rigima da rawani da ɗaurin ɗankwali. A fara sa shi, sannan a naɗa. Wanda ke son siriri da ba ya ɗaukar ido sai ya nemi MX153, sai dai shi yana ɗaukar sauti ta kowane gefe, kalangu zai shiga cikinsa sosai.

Idan za a yi amfani da fiye da ɗaya, a bi tsari. A sa risiba ta farko ta nemo tashar da babu cunkoso, a saita akwatinta da hannu a kan rukuni da lamba iri ɗaya, a bar shi a kunne, sannan a koma ta biyu. Wajen saye a duba lambar zangon rediyo da ke jikin risiba da akwatin, dole su zo ɗaya. Jabu sun yi yawa, farashin da ya yi arha fiye da kima abin tsoro ne.

Ga ajin da kuɗinsa tarawa ake yi, guda uku ko huɗu na manyan mawaƙa sun isa. 'Yan amshi a kafa musu makirufo biyu masu waya a gaban dandamali, lasifikoki kuma su kasance gaba da 'yan wasa don kada su yi kuka.